Faretin Kofur a Cikin Kacala

Jirgin ya ƙi gaba, ya ƙi baya. Na kafa gora na danna har sai da ta lanƙwashe kamar baka, amma ko gezau, sai dai ƙarar ciyawar kacala tana gogar cikinsa. Ruwa kuma ya fara tsattsafowa ta wani tsohon faci, daidai ƙafar Kofur. Wayata na ta kuka a aljihu. Na san Sajan Bukar ne, na kuma san abin da zai ce, don haka na ƙyale ta. Kacalar nan ta ninka ni tsawo, ta rufe mu gabas da yamma, in ka ɗaga kai wata 'yar siririyar sama kawai kake gani, fara fat kamar an shanya zane. Kofur kuwa yana zaune a tsakiyar jirgi cikin kakinsa da Iya ta goge da dutsen gawayi, hula a karkace, lambobinsa na yabo a ƙirji, hannu a kan gwiwa, kai ka ce hoto za a ɗauke shi.

"Direba," in ji shi, "mun iso Dutsen ne?"

"Kofur, don Allah ka bari."

"A'a, gani na yi an tsaya, na ce ko in sauka."

Ummi, wannan Kofur ɗin kakana ne, mahaifin babana. Ke ba ki same shi ba. Babana ya rasu ina ƙarami, a hannun Kofur da kakata Iya na tashi, a ƙauyenmu na cikin fadama ta wajen Kirikasamma. Kina ji ana kirana Sojan Kacala a bakin kasuwa, kina dariya don ba ki san ma'anarsa ba. To wata rana za ki girma, wani mai dogon baki zai ce miki ubanki tsoron soja ya ji, shi ya sa ya cusa jirgi cikin ciyawa da gangan. Gara ki ji daga bakina tukuna, in ya so ki auna.

Ni dai tun ina yaro ba na iya zama wuri ɗaya. Makaranta na bar ta ina tsakiyar sakandare, ba don an kore ni ba, kawai wata rana ina kallon taga na ga motar albasa za ta kudu, na ji kamar da ni take magana. Na yi lodin albasa, na yi acaɓa a cikin Haɗejia, na yi cajin waya, na je har Legas na yi gadi na dawo da tari da takalmi ɗaya mai kyau. Duk inda na je, in na yi 'yan watanni sai ƙafata ta fara ƙaiƙayi. Abu ɗaya ne bai taɓa fita raina ba, kaki. Tun ina leƙa akwatin Kofur ina shinshina warin kafur a jikin rigarsa nake ganin kaina a ciki. Amma soja na son takarda, ni kuma ba ni da ita, shekaruna kuma sun zo gab da inda ake rufe ƙofa.

Sajan Bukar shi ne mai tara tsofaffin sojojin yankinmu duk shekara, ya zuba su a mota daga Haɗejia zuwa Dutse, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, sha biyar ga Janairu, ranar da aka gama yaƙin basasa. Shi ya zo har gida ya ce akwai wani Kanar mai ritaya da ke zaune a Kaduna, wanda Kofur ya taɓa yi wa hidima a bakin daga, bana zai zo taron. Ya ce in Kofur ya kama hannuna da kansa ya sa a hannun mutumin nan, to Kanar zai tafi da ni, in zauna a gidansa in rubuta jarrabawar da na gudu na bari, ya nuna min hanya. Amma fa sai Kofur ya je. Saƙo ba ya yi, waya ba ta yi. Kofur kuwa ya daɗe da daina zuwa taron. Kullum in an tambaye shi sai ya ce gwiwa.

Iya ce ta fara tayar da ƙura.

"Tsohon da tari ke kayarwa za ka ɗora a ruwa da sanyin nan? Habu, ka ji tsoron Allah."

"Rabu da ita," in ji Kofur. "Tsoro take kada ƙaramin mijin ya sa kaki 'yan matan birni su ƙwace."

"Su ƙwace mana. Mijin da ko cefane bai taɓa yi ba. Kai nake ji, da ƙirjin nan naka kamar gangar da ta fashe."

"Hansai, na haye ruwan da ya fi wannan, ana harbi kuma."

"Da haƙoranka ka haye."

Haka suka yi ta yi har ya ce zai je, magana ta ƙare. Na so mu kwana a Haɗejia, ya ce shi ya gama kwana a ɗakin da ba nasa ba. A shekarar ruwa bai janye da wuri ba, kacala ta toshe hanyarsa ya kwanta a kan gonaki, titin ƙauyenmu ya yanke, sai a jirgi ake fita zuwa bakin kwalta, daga nan a hau mashin. Muka yi sallar asuba muka shiga. Iya ta tsaya a bakin ruwa da mayafi har ka, ba ta ce mana a sauka lafiya ba, sai da muka yi nisa na ji ta ɗaga murya tana cewa in ya yi tari in tsaya. Akwai hanyar da kowa ke bi, tana da zagaye. Akwai kuma wata 'yar gajeriya da masunta suka sare da damina. Na ga gari na wayewa, na karkata gora na shiga gajeriyar. Kofur ya dube ni. Ashe kacala ta riga ta haɗe bakinta.

To ka ji yadda muka maƙale. Da wayar ta ƙi yin shiru sai na ɗauka.

"Kai Habu! Kuna ina? Mota ta cika, kowa ya hallara, har Maigari da sandarsa ya iso, ku kaɗai ake jira."

"Baba Sajan, ga mu nan, mun kusa."

"Kun kusa ina? Ƙarar kwaɗi nake ji."

Na kashe. Na miƙa wa Kofur ƙwaryar kwalfe ruwa, na tuɓe riga, na ɗauki adda na faɗa ciki. Wallahi Ummi, sanyin ruwan nan sai da na ji shi a haƙori. Ruwa iya ƙirji, laka tana tsotsar ƙafa, ina sara ina ja, ina sara ina ja, ganyen yana yanka min hannu. Ina jin Kofur a bayana yana kwalfa a hankali, cwal, sai ya huta, cwal, sai ya huta. Can sai na ji kwalfar ta tsaya. Na juyo. Yana nan zaune, ƙwarya a hannu, ya karkata kai kamar mai sauraren kiran salla daga wani gari.

"Habu, tsaya. Aje addar nan."

"Kofur, lokaci."

"Na ce aje. Saurara."

Na tsaya ina haki. Da farko bugun ƙirjina kawai nake ji. Daga nan sai shirun ya sauko. Ban san yadda zan kwatanta miki ba. Ba iska, ba tsuntsu, ko kwaɗin sun yi tsit. Tururi yana tashi daga kan ruwa yana ratsa kacala a hankali, rana ta fara taɓa kawunanta sun yi ja, mu kuma muna ƙasa cikin inuwa kamar a gindin rijiya. Sai na ji kamar ba a duniya muke ba, kamar jirgin ne ke tsaye duniya ta wuce ta bar mu.

"Shi ne," in ji Kofur, muryarsa ƙasa ƙasa. "Wallahi shi ne. A wajen taro in an busa begila sai a ce kowa ya yi shiru. Ba shiru ba ne wannan, ana tari, ana gyara hula, janareta na yi. Na yi ta zuwa ina neman sa ban same shi ba, shi ya sa na daina. Ba gwiwa ba ce. Ashe yana nan bayan gidana."

Ban taɓa jin Kofur ya ba da labarin yaƙi ba. In yara sun matsa masa sai ya ce sauro ne ya fi yawa. Amma ran nan, ina tsaye cikin ruwa iya ƙirji, sai ya fara, ba ni yake kallo ba, tururin yake kallo.

"Ranar muna bakin wani rafi, can ƙasar Ibo. Aka ce an gama. Ba wanda ya yi ihu. Muka zauna muna kallon juna, kunne na neman ƙara bai samu ba. Irin wannan shirun. Can sai daji ya fara motsi, mutane suka fara fitowa. Habu, ban taɓa ganin mutum ya rame haka yana tafiya da ƙafarsa ba. Wata tsohuwa ta nufo ni, zane ɗaya a jikinta, ta tsaya a gabana ta ce, nye m mmiri. To ka san mu da Inyamurai muke kiran su tun muna yara. Na ɗauka gaya min take ita Inyamura ce. Na ce mata, na sani. Ta sake faɗa. Na ce, Iya, na sani, ke Inyamura ce, ni Bahaushe, an gama, je ki gida. Ta sake faɗa, tana kallona kamar ta ga wawan da ya fi kowa a duniya. Har na fara jin haushi. Sai wani kukunmu da ya yi zama a can kafin yaƙi ya taso ya ce, kai Jibrin, ruwa take roƙo. Cewa take, ba ni ruwa."

Ya yi 'yar dariya, ta juye ta zama tari. Na jira.

"Ka ji fa. Duk tsawon yaƙin nan, da kafin sa, sunan da muke kiran mutanen nan da shi ke nan. Ba-ni-ruwa. Mun zo, mun yi abin da muka yi, ban san me nake faɗa ba. Ni ɗan masunta, wanda aka haifa a kan ruwa. Na ciro gorar ruwana na ba ta. Ta sha, ba ta yi sauri ba, a hankali ta sha, tana kallona ta saman gorar. Ta miƙo min, ta gyara zanenta ta wuce. Ko sunanta ban sani ba. In an yi shirun nan a wajen taro, kowa na tuna wanda ya mutu. Ni ma ina da su, da yawa. Amma ita ce ke zuwa. Ta tsaya tana jira in gane."

Sai a lokacin na tuna ban taɓa jin kalmar nan a bakinsa ba. Ibo yake cewa, ko mutanen gabas. Mu kuwa a tashar acaɓa ita ce a bakinmu safe da yamma, har mai sayar mana da kayan gyara muna kiran sa da ita yana amsawa.

Na koma sara, amma yanzu a hankali, ban san dalili ba. Ban jima ba adda ta faɗa fili. Na ture ragowar da kafaɗa, na ja jirgin da igiya, sai ga mu mun ɓulla wani buɗaɗɗen ruwa da ban taɓa sanin yana wurin ba. Faɗi ne da shi, lumui, bado ya rufe gefensa da fararen furanni. Tsuntsaye kuwa ba a magana. Kirinjijiya, ɗinya, zalɓe a tsaye da ƙafa ɗaya, da waɗansu ƙanana masu dogon baki da ake cewa daga ƙasashen Turawa suke zuwa cin sanyi a wajenmu. Ba su tashi ba. Suka dai matsa mana kaɗan kamar mun zo gaisuwa. Daga can nesa ina hango itatuwan bakin kwalta. Na hau jirgi jikina na rawa, waya ta sake kuka.

"Mun tashi," in ji Sajan. "Amma saurara. Za mu tsaya a Kafin Hausa mu ɗauki mutum biyu. In kun fito yanzu, ka samu mashin mai lafiya, ka ɗora shi a tsakiya ku taho da gudu, zan ja musu lokaci. Kanar ya riga ya iso, na yi masa maganarka. Habu, irin wannan ba ta zuwa sau biyu."

Kofur ya ji komai. Ya aje ƙwarya ya gyara hula.

"To me kake jira? Tuƙa mu je. Na yi maka alkawari."

Na ɗauki gora. Na kafa ta ma. Sai na dube shi da kyau, irin kallon da ban yi masa ba tun asuba, don tun asuba bakin kwalta nake kallo. Wandon kakin ya jiƙe har gwiwa. Maɓallin wuyansa ya ɓalle yana ta ƙoƙarin mayarwa, yatsun sun ƙi, sai rawa suke. Leɓensa ya yi fari. Na san hanyar Kafin Hausa a kan mashin da safiyar sanyi, na yi ta da jini a jika ma sai da na yi jinya. Amma ba wannan kaɗai ba ne, kada in yi miki ƙarya. Fuskarsa ce. Duk da rawar sanyin, fuskar nan ta kwanta kamar ta jaririn da ya ƙoshi. Idonsa na kan tsuntsayen. Mutumin nan ya samu abin da ya yi shekaru yana nema, ni kuma zan ɗauke shi in kai shi inda za a jera su a rana, janareta na yi, don a sa hannuna a hannun wani.

Ina so in je, Ummi. Kada wani ya ce miki ba na so. Ina tsaye a kan jirgin nan ina ganin kaina cikin kaki, ina sauka daga mota a Haɗejia ana cewa ga Habu. Har ƙamshin rigar nake ji. Gorar na hannuna, hagu bakin kwalta, dama hanyar gida ta zagaye. Ban san iya tsawon tsayuwar da na yi ba.

"Habu," in ji Kofur.

"Na'am."

Ya ɗan yi murmushi, irin na tsokana. "Nye m mmiri."

Na tsuguna na ɗauraye ƙwaryar, na ture ganyen bado, na ɗebo daga ƙasa inda ya fi sanyi da tsabta, na riƙe masa don hannunsa ba zai iya ba. Ya sha a hankali. Da ya gama na lulluɓa masa rigata a kafaɗa, na koma na zare gora na kafa ta a hagu, jirgi ya juya dama.

"Kai, ba nan ba ce hanya."

"Na sani."

"Ja'iri. Kanar fa?"

"Kofur, ka yi faretinka. Ga jama'a sun taru."

Ya daɗe yana kallona. Sai ya juya ya fuskanci tsuntsayen, ya miƙe bayansa iya yadda zai iya a zaune, ya ɗaga hannun nan mai rawa ya sara. Ban san wa ya sara wa ba, ban kuma tambaya ba. Na bar jirgin yana tafiya da kansa. Muna cikin haka kirinjijiya suka tashi gaba ɗaya, suna wannan fito nasu, suka zagaya kanmu, inuwarsu na gudu a kan ruwa, suka sake sauka a inda suka taso.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗi, ba zan shafa masa mai ba. Kanar bai sake zuwa taron ba, shekaruna suka wuce, ƙofa ta rufe. Sajan Bukar ya daɗe ba ya amsa gaisuwata. Labari ya riga mu isa tasha, aka laƙaba min sunan da kike ji. Kofur ya yi jinyar ƙirji duk da haka, Iya ta yi ta yi min faɗa tana dama masa kunu, ya tashi, ya ƙara ganin damina ɗaya, sannan Allah ya karɓi abinsa. Ni kuma ga ni nan, yau jirgi, gobe mashin, jibi gonar tattasai. Har yanzu in na ga yaro cikin kaki a tasha sai na kau da kai. Ba zan ce miki na yi daidai ba, ba kuma zan ce na yi kuskure ba. Abin da na sani, ba tsoro ba ne.

Kafin mu isa gida ran nan, a inda waya ke kamawa, na tsayar da jirgi. Na kasa kiran Sajan, don na san in na ji muryarsa zan iya juyawa. Sai na rubuta masa, da yatsun da kacala ta yanyanka:

"Baba Sajan, ku wuce, kada ku jira mu a Kafin Hausa. Kofur lafiya lau, sanyi ne ya kama shi, zan mai da shi gida. Ba laifinsa ba ne, shi ya ce mu taho, ni na juya. Ku ba Kanar haƙuri, ku ce na gode. In an ba da wurina ga wani yaron, Allah ya sa ya fi ni riƙewa. In an busa begila ku tsaya har da mu. Mu mun riga mun yi namu a nan."